Nisan Wuri da Nisan Zuci: Sharhi a kan Ra'in Trope da Liberman ta Fuskar Harshen Hausa

1. Gabatarwa

Tsakanin Yamai, inda ake tsara manufofin yaƙi da jahilci, da Damagaram akwai tafiyar kilomita kusan 900. Tsakaninta da Maraɗi kuwa kimanin 660. Littafin da aka tsara a wani ofis na bakin kogin Isa sai ya ci wannan tafiya kafin ya isa hannun manomin da aka yi shi dominsa. An saba ɗaukar wannan nisa a matsayin matsalar mota da man fetur da lalacewar hanya. Amma akwai wani ra'i na ilimin halayyar ɗan Adam da ke cewa nisan yana shiga cikin tunanin mai tsara littafin tun kafin ya ɗora alƙalami a kan takarda, watau yana sauya yadda yake ganin mutanen da yake rubuta wa, da irin kalmomin da yake zaɓa.

Masu wannan ra'i su ne Yaacov Trope na Jami'ar Niyok da Nira Liberman ta Jami'ar Tel Abib. Sun fara gwaje-gwajensu a kan nisan lokaci a 1998, suka tattara ra'in baki ɗaya a wata doguwar maƙala da mujallar Psychological Review ta buga a 2010. Makasudin wannan sharhi shi ne a auna ra'in da ma'auni biyu: na farko, abin da harshen Hausa ya nuna, na biyu, abin da aikin koyar da karatu ya riga ya koyar. Za a ga cewa ra'in ya taɓo gaskiya, amma ma'aunin da aka auna shi da shi bai dace da Hausa ba, kuma darasinsa mafi girma ya fi shafar mai tsara aiki fiye da mai koyon karatu.

2. Abin da ra'in ya ƙunsa

Ginshiƙin ra'in shi ne cewa ɗan Adam ba ya iya ji ko gani sai abin da ke gabansa, shi kansa, a nan, a yanzu. Duk abin da ya fita daga wannan tsakiya sai dai a sawwara shi a zuci. Trope da Liberman sun ƙirga hanyoyi huɗu da abu yake nisa da mutum: nisan wuri, nisan lokaci, nisan zumunci (watau tsakanin kai da wani), da nisan yiwuwa (watau tsakanin abin da ya tabbata da abin da ƙila ya faru). Waɗannan huɗu su ne za a kira nisan zuci a cikin wannan sharhi.

Da'awarsu ita ce, gwargwadon nisan abu, gwargwadon yadda zuciya take ɗaukarsa a dunƙule. Abin da ke kusa ana tunaninsa filla-filla, da launinsa da wahalarsa da ƙananan sharuɗɗansa. Abin da ke nesa ana riƙe jigonsa kawai. Na farko za a kira shi tunanin filla-filla, na biyu tunanin jimla. Tunanin filla-filla yana amsa tambayar "ta yaya?", tunanin jimla yana amsa tambayar "don me?". Alal misali, kulle ƙofa yana iya zama sa makulli cikin kwaɗo, yana kuma iya zama tsare gida. Aikin ɗaya ne, matakin da aka dube shi ne ya bambanta.

Masanin harshe ba zai ji wannan magana baƙuwa ba. Tun a 1934 Karl Bühler ya nuna cewa kalmomin nuni duka suna rataye ne a kan tsakiya ɗaya mai ƙafa uku: ni, nan, yanzu. Émile Benveniste ya bi sawunsa a nazarinsa na wakilan suna, inda ya nuna cewa "ni" da "kai" ba su da ma'ana sai a bakin mai magana a lokacin da yake magana. Charles Hockett kuma, a 1960, ya sa iya zancen abin da ba ya nan cikin siffofin da suka bambanta harshen ɗan Adam da kukan yawancin dabbobi. Sabon abin da Trope da Liberman suka kawo shi ne iƙirarin cewa ana iya auna tasirin nisan a ɗakin gwaji.

3. Gwaje-gwajen nisan wuri

Gwajin da aka fi ambata shi ne na Kentaro Fujita da abokan aikinsa, na shekarar 2006. An sa ɗaliban Jami'ar Niyok su sawwara suna taimakon wani aboki ƙaura zuwa sabon gida. An gaya wa wasu cewa gidan yana da nisan mil 3 daga inda suke, wasu kuma aka ce musu yana wajen Los Anjeles, nisan mil 3,000. Daga nan aka jera musu ayyuka irin su kulle ƙofa, kowane da bayani biyu, su zaɓi ɗaya. Waɗanda aka kai tunaninsu nesa sun fi zaɓar bayanin manufa, na kusa kuma suka fi zaɓar bayanin yadda ake yin aikin.

A gwaji na biyu an nuna wa ɗalibai hoton bidiyo ɗaya tak. Wasu aka ce musu an ɗauke shi a harabar jami'ar da ke Niyok, wasu aka ce a reshenta da ke Filorans a Italiya. Aka sa su rubuta abin da suka gani. Masu zaton Filorans sun fi amfani da kalmomin jimla. Wannan gwaji yana da ƙarfi ta fuska ɗaya: ba za a ce na nesa sun rasa bayani ba, tun da abin da idon kowa ya gani iri ɗaya ne. Bayanin masu ra'in shi ne, da yake a rayuwar yau da kullum mutum bai cika sanin filla-fillar abin da ke nesa ba, sai zuciya ta saba haɗa nisa da jimla, har ta riƙa yin haka ko a inda bayanin yake cikakke.

An kuma fita daga ɗakin gwaji. A 2015 Bryor Snefjella da Victor Kuperman sun nazarci ɗimbin saƙonnin Twitter, suka auna kalmominsu da wani jeri na kalmomin Ingilishi kimanin 40,000 da aka riga aka tantance wa kowace matsayinta tsakanin abin da ake taɓawa da abin da ake tunani kawai. Sun tarar cewa idan mutum yana zancen wani gari, maganarsa tana ƙara dunƙulewa da ƙaruwar nisansa da garin, kuma sauyin ya fi tsanani a farkon tafiya, sa'an nan ya lafa.

Sai dai ba duka gwaje-gwajen wannan fage suka tsaya da ƙafarsu ba. A 2008 Lawrence Williams da John Bargh sun ba da rahoton cewa sa mutum ya ɗiga ɗigo biyu nesa da juna a kan takardar lissafi ya isa ya sa shi jin dangantakarsa da danginsa da garinsu ta yi sanyi. A 2012 Harold Pashler da abokan aikinsa suka maimaita gwajin, ba su sami kome ba. A 2015 Courtney Soderberg da wasu suka tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, suka ce tasirin nisa tabbatacce ne. Amma a 2022 Maximilian Maier da abokan aikinsa suka sake duba hujjojin, suka nuna cewa an kambama girman tasirin, saboda mujallu sun fi buga gwajin da ya yi nasara fiye da wanda ya faɗi. Don haka wanda zai ɗora wani tsari a kan wannan ra'i, ya kamata ya san cewa harsashinsa bai gama bushewa ba.

4. Shaidar harshen Hausa

Ta wasu fuskoki Hausa tana goyon bayan ra'in fiye da harsunan da aka yi gwajin da su. Philip Jaggar da Malami Buba sun nuna a 1994 cewa "nan" da "can" ba kalmomi biyu ba ne, huɗu ne, karin sauti ne yake raba su:

(1) nân (karin faɗuwa): wurin da mai magana yake
(2) nan (karin sama): wurin da mai sauraro yake
(3) cân (karin faɗuwa): nesa da su biyun, amma ana hange
(4) can (karin sama): nesa ƙwarai

Abin lura shi ne, waɗannan kalmomi na wuri su ne ake ara domin lokaci da zance. Ana cewa "nan gaba", "nan da kwana uku", "can baya", "can da dare", "bara waccan". Kalma ta (2) kuma ita ce take komawa nuni ga abin da aka riga aka ambata, kamar a "mutumin nan da aka yi zancensa", watau abin da ya riga ya shiga hannun mai sauraro. Haka nan "kusa" da "nesa" suna auna dangantaka: ɗan'uwa na kusa, dangi na nesa. Wannan ya yi daidai da da'awar cewa nisan wuri shi ne uwa, sauran nau'o'in nisa daga gare shi suke aron harshe.

Ƙirgar kwanaki ma tana nuna yadda filla-filla take ƙarewa da nisa. Akwai gobe, jibi, gata, citta, shekaran citta; bayan haka sunaye suka ƙare, sai "kwanaki masu zuwa", sai "wata rana". A baya akwai jiya da shekaranjiya, sai "kwanakin baya", sai "dâ". Har ila yau, Bahaushe ya kira tunanin abin da zai zo "hangen nesa", ya haɗa hikima da nisa a cikin kalma ɗaya.

Amma akwai wani ɓangare na nahawun Hausa da ra'in ba shi da gurbinsa. Aikatau mai ƙarewa da -o, wanda F. W. Parsons ya sa a aji na 6 a tsarinsa na 1960, yana ɗaure aikin da aka yi a nesa da wurin mai magana:

(5) Ya sayi goro a Kano.
(6) Ya sayo goro a Kano.

A jimla ta (5) cinikin ya ƙare a Kano. A ta (6) Kano tana nan inda take, amma goron yana zuwa, za a gan shi, za a ci shi. Nisan kilomita bai sauya ba, nisan zuci ya rushe da wasali ɗaya. Wannan yana nuna cewa harshe ba ya tsayawa ga auna nisa kawai, yana kuma bin hanyar da ta haɗa can da nan. Ra'in da ya ɗauki nisa a matsayin tazara tsakanin ɗigo biyu ya manta da hanya, da masu bin ta, da abin da suke kawowa.

5. Matsalar ma'auni

Gwajin Filorans ya dogara ne a kan wani ma'auni da Gün Semin da Klaus Fiedler suka tsara a 1988. Ma'aunin ya jera kalmomin da ake bayyana halin mutum da su hawa huɗu, daga mafi filla-filla zuwa mafi jimla. Idan aka kwatanta shi da Hausa zai zama kamar haka:

(7) Audu ya mari Tanko. (aikin da ido ya gani)
(8) Audu ya cuci Tanko. (aikin da aka fassara)
(9) Audu ya tsani Tanko. (halin zuciya)
(10) Audu mugu ne. (sifa)

Mai bincike sai ya ƙirga aikatau da siffofin da ke cikin rubutu, ya ba kowane maki, ya fitar da matsakaici. A Ingilishi ko Jamusanci wannan yana tafiya, domin siffofi suna da yawa. Hausa kuwa, kamar yadda R. M. W. Dixon ya lura tun a 1977, tana cikin harsuna masu ƙarancin sifa ta asali: babba, ƙarami, dogo, gajere, sabo, tsoho, fari, baƙi, ja, mugu da ƴan kaɗan. Halin mutum ana faɗinsa ta wasu hanyoyi:

(11) Audu yana da faɗa.
(12) Audu mai faɗa ne.
(13) Faɗa gare shi.
(14) Audu mafaɗaci ne.
(15) Audu ya cika faɗa.
(16) Audu yakan mari yara.

Duka shidan hukunci ne a kan halin Audu, watau tunanin jimla ne tsantsa. Amma babu sifa ta asali ko ɗaya a cikinsu. Jimla ta (15) aikatau ne yake ɗauke da ita. Ta (16) kuwa tana da aikatau ɗin da ma'aunin zai sa a hawa mafi ƙasa, alhali "-kan" ta riga ta mayar da marin ya zama ɗabi'a. Wanda ya ɗauko ma'aunin Semin da Fiedler yadda yake, ya auna rubutun Bahaushe da shi, zai fito da sakamakon cewa Bahaushe ba ya tunanin jimla, kuma kuskuren na ma'aunin ne. An riga an ga irin wannan a wani wuri: a 2006 Anne Maass da abokan aikinta sun nuna cewa Italiyawa sun fi bayyana mutum da sifa, Japanawa kuma da aikatau.

Jerin kalmomi irin wanda Snefjella da Kuperman suka yi aiki da shi ma zai yi tuntuɓe da karin magana. A "hangen Dala ba shiga birni ba" akwai dutse, akwai birni, akwai ido da ƙafa; kowace kalma abin taɓawa ce. Amma maganar ba ta shafi Kano ba, hukunci ne na gaba ɗaya a kan bambancin fata da samu. Al'ummar da take ajiye tunaninta mafi zurfi a cikin tukunya da jaki da rijiya, ƙirgar kalmomi ɗaya-ɗaya ba za ta gano shi ba.

6. Nisan wa, a idon wa?

Matsala ta biyu ita ce su wane ne aka gwada. Yawancin gwaje-gwajen farko an yi su ne da ɗaliban jami'o'in Amurka da Isra'ila. A 2010 Joseph Henrich da Steven Heine da Ara Norenzayan sun yi gargaɗin cewa irin waɗannan ɗalibai ba su isa su wakilci ɗan Adam baki ɗaya ba. Ga ɗalibin Niyok, mil 3,000 nisa ne kawai. A ƙasar Hausa kuwa taswirar zuci ba ta bin taswirar takarda. Maraɗi ba ta kai kilomita 100 daga Katsina ba, Damagaram kuma kimanin 240 ne daga Kano; ga ɗan kasuwar waɗannan garuruwa, birnin da ke ƙetaren iyaka ya fi babban birnin ƙasarsa kusa, a ƙafa da a zuci. Fataken dâ da suke zuwa Gwanja sayen goro sun san zangunan hanyar ɗaya bayan ɗaya. Gidan da ɗansa yake ci-rani a Abijan yana jin sunan unguwa da farashin haya da sunan mai gida, alhali wani gari na jihar maƙwabta suna ne kawai a kunnensa. Bahaushe ya riga ya yanke hukunci a kan wannan da ya ce zumunta a ƙafa take.

Haka kuma nau'o'in nisan huɗu ba kullum suke tafiya tare ba. A 2010 Elena Stephan da Liberman da Trope sun ba da rahoton cewa ladabin magana yana ƙaruwa da ƙaruwar nisa. A gidan Bahaushe kuwa kunya ta fi tsanani inda kusanci ya fi yawa. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ta gargajiya ba ta kiran sunan mijinta, suruki yana sunkuyar da kai gaban wanda katanga ɗaya ta raba su. A ɗaya gefen kuma, Bagobiri da Bazabarme, ko Bafillace da Babarbare, suna iya haɗuwa yau a tasha, ba su taɓa ganin juna ba, su shiga zolaya kamar ƴan ɗaki ɗaya. Wannan al'ada ta wasan dangi ta Nijar, wadda UNESCO ta sa cikin jerin gadon ɗan Adam a 2014, tana nuna cewa al'umma tana iya yanke wa nisan zuci hukunci ba tare da ta shawarci nisan wuri ba.

7. Nisa, karatu da tunanin jimla

A nan ne zancen ya iso ga masu aikin yaƙi da jahilci. A 1931 da 1932 Alexander Luria ya yi bincike a ƙauyukan Uzbekistan. Ya gaya wa manoman da ba su yi makaranta ba cewa a can arewa mai nisa, inda ƙanƙara take, duk wata dabba ta jinsin beyar fara ce, kuma tsibirin Nobaya Zemliya yana can arewar. Sai ya tambaye su launin beyar ɗin tsibirin. Da yawa suka ƙi amsawa, suka ce ba su taɓa zuwa can ba, a tambayi wanda ya je. Luria ya ɗauki wannan a matsayin alamar cewa marar karatu bai saba da tunanin da ya rabu da abin da ya gani ba. Littafinsa ya fito da Rashanci a 1974.

Wannan labari ƙalubale ne ga Trope da Liberman. Ga nisa iyakar nisa, amma bai haifar da tunanin jimla ba, shiru ya haifar. Ƙalubale ne kuma ga Luria kansa, domin amsar manomin tana ɗauke da ƙa'ida ta gaba ɗaya: ba a ba da shaida a kan abin da ba a gani ba. Ita ce ƙa'idar da Hausa ta taƙaita da cewa gani ya kori ji. Manomin bai kasa tunani ba. Ya ƙi shiga wani wasa ne wanda makaranta take koyarwa, wasan karɓar maganar baƙo a matsayin gaskiya na ɗan lokaci domin a fitar da sakamako daga cikinta.

Binciken Sylvia Scribner da Michael Cole a tsakanin ƙabilar Vai ta Laberiya, wanda aka buga a 1981, ya ƙara fito da wannan fili. Vai suna da rubutu iri uku: nasu na gargajiya da ake koya a gida, na Larabci da ake koya a makarantar allo, da na Ingilishi da ake koya a makarantar gwamnati. Wannan ya ba da damar raba tasirin rubutu da tasirin makaranta. An tarar cewa iya rubutu shi kaɗai bai sauya tunanin mutum baki ɗaya ba. Kowane irin karatu yana kaifafa abin da ake yi da shi ne. Masu rubutun Vai, waɗanda suka saba aika wasiƙa, sun fi iya yi wa wanda bai san wani wasa ba bayanin yadda ake yin sa. Watau rubuta wa na nesa ya koya musu ƙara bayani, ba rage shi ba. Ƙasar Hausa, mai ajami da boko da Faransanci, ta fi kama da ƙasar Vai fiye da harabar Niyok.

Rubutu kansa wani nau'in nisa ne. Mai magana yana da yatsa da ido da karin murya. Marubuci ba shi da ko ɗaya. Ƙa'idar rubutun boko, tun daga taron Bamako na 1966, ba ta tilasta nuna karin sauti a rubutun yau da kullum ba. Saboda haka kalmomi huɗu na misalai (1) zuwa (4) sun koma biyu a kan takarda. Idan ɗan littafin aikin gona ya ce "a zuba taki nan", babu mai nuna wa mai karatu ko wane nan ake nufi. Daɗin daɗawa, mutumin Adar ko Gobir da ya saba cewa "wanga" da "gidan ga" yana cin karo da "wannan" da "gidan nan" tun a shafi na farko, sai littafin ya zo masa da muryar wani gari.

8. Darasi ga masu tsara aiki

Idan akwai wanda ya yi kama da ɗalibin da aka ce masa gidan yana Los Anjeles, to ma'aikacin da ke zaune a babban birni ne. Ƙauyen yana nesa da shi ta wuri. Shirin yana nesa da shi ta lokaci, domin na shekaru biyar ne ko goma. Manomin yana nesa da shi ta zumunci, sau da yawa har ta harshen da aka yi tunanin shirin da shi. A gwajinsu na 1998 Liberman da Trope sun nuna cewa idan aiki yana nesa, ɗalibai sun fi zaɓar mai ban sha'awa ko da yana da wuya; idan ya matso, sai su koma ga mai sauƙi. Daga nesa ana duba kyawun manufa, daga kusa ana duba yiwuwarta. Takardar shiri takan cika da "wayar da kai" da "ci gaba" da "bunƙasa karkara". Malamin da ke gaban allo kuwa tambayoyinsa su ne alli, da fitila, da ranar kasuwa, da wanda zai zo aji bayan ruwan shuka ya sauka.

Ba a ce kallon nesa ba shi da amfani ba. Shi ne yake hana a nutse cikin ƙananan matsaloli har a manta da inda aka dosa. Haɗarin shi ne a ɗauka hangen ya isa. Tun daga makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa, wadda aka buɗe a Damagaram a 1973, har zuwa 2025 da aka ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, nauyin da ke kan masu rubuta littattafai ƙaruwa yake yi. Abubuwa huɗu suna fitowa daga wannan nazari:

(a) Kowace manufa da aka rubuta da kalmomin jimla, a rubuta kusa da ita wanda zai yi aikin, da wurin, da watan, da kayan da zai riƙe.
(b) A gwada kowane littafi a inda za a karanta shi kafin a buga, a kuma saurari inda mai karatu ya tsaya ya ce "wane?" ko "ina?".
(c) A duba kowane "nan" da "can" da ke cikin littafin koyo. Inda karin sauti ne kaɗai yake raba ma'ana, a ƙara kalma ko hoto.
(d) Kada a auna tunanin mai koyo da tambayoyin da suka dogara ga yarda da labarin wata ƙasa da bai sani ba, ko da ƙirgar siffofin da ke bakinsa.

9. Kammalawa

Ra'in Trope da Liberman ya tattara abin da nahawu ya daɗe yana nunawa, cewa wuri da lokaci da zumunci suna aron kalmomin juna, kuma abin da ya yi nisa yakan zubar da ƙananan siffofinsa. Rauninsa uku ne: hujjojinsa na gwaji ba su kai ƙarfin da aka zata da fari ba, ma'auninsa an yanka shi ne daidai jikin harsuna masu yawan sifa, kuma ya ɗauki nisa a matsayin abin da ake aunawa da mil, alhali a ƙasar fatake da ƴan ci-rani hanya da dangi ne suke yanke shi. Aikin da ya rage wa masu nazarin Hausa shi ne su tsara nasu ma'aunin, wanda zai san matsayin "mai" da "gare" da "-kan" da karin magana, sa'an nan su maimaita gwajin da mutanen Tawa da Maraɗi da Damagaram, da masu ajami da masu boko da waɗanda ba su yi ko ɗaya ba. Kafin nan, abin da ra'in ya fi tabbatarwa shi ne gargaɗin da ya shafi mai riƙe da alƙalami: shirin da ya yi kyau daga Yamai, hangen Dala ne, sai ranar da aka shiga birni za a san abin da ke cikinsa.